Ranar da Winci Ya Yi Shiru

Tun Tima tana ƙarama ta san warin ranar shafa. Idan ruwa ya janye, jahazin babanta, wato jirginsa na katako, ya kwanta gefe ɗaya a kan yashin Kizingitini kamar saniya mai tuƙa, sai a fito da gwangwanayen sifa, wato man hantar kifin shak, a bi jikin jirgin da shi tun daga hanci har gindi. Warin yana shiga gashi, ya shiga zane, ya bi mutum har cikin shinkafar da zai ci. Amma katakon da bai sha sifa ba, tsutsar teku ce ke cinye shi, kowa ya san haka. Kuma a jirgin babanta Famau, wanda shi ne nahoda, wato shugaban jirgin, ba jiki kaɗai ake shafawa ba. Jigon da ke tsaye a tsakiya yana sha, sandar tuƙi tana sha, gargaren katakon da igiya ke bi ta cikinsa ma yana sha. Duk abin da bai sha sifa ba, baƙo ne a jirgin.

A ran nan ta kawo musu gahawa da soyayyen fanken kwakwa, ita da kanta, don yanzu mutum biyu take da su a jirgin: babanta, da mijinta Lali, wanda ko lallen bikinsu bai gama fita daga farcenta ba. Ta ajiye, ta raɓe a gefe, ta ja mayafi. Haka take. Idan maza na hira, idonta ne ke aiki.

Baƙo ɗaya ne ya rage a jirgin, shi ne winci. Lali ya kwance shi daga wani ƙaramin jirgin Turawa da ya fashe a kan duwatsu, ya kawo ya ɗaure a bayan jigo. Wata ganga ce ta farin ƙarfe, ba ta kai turmi ba, da hannun da ake sa mata a ka a murɗa. Da can, ɗaga itacen tanga, wannan doguwar sandar da ƙaton ƙyallen jirgin ke rataye a jikinta, aikin jerin ƙarti ne. Yanzu samari duk sun koma jiragen inji. Daga Famau sai Lali, sai Kawu Kombo da ya tsufa a jirgin tare da nahoda. Da winci kuwa, mutum ɗaya ya murɗa, ɗaya ya riƙe wutsiyar igiya, itacen ya tashi.

Kawu Kombo bai taɓa son sa ba.

"Wannan baƙon naka, Lali, surutu gare shi. Kas-kas-kas tun safe, ko gaisuwa ba ya bari a gama."

"Kawu, kishi ne kawai. Ya fi ka ƙarfi, kuma ba ya roƙon taba."

"Ya fi ni ƙarfi? Ranar da na fara jan igiyar nan, uwarka ma goye take."

"To ai shi ya sa muka samo maka ƙane."

Famau ya yi dariya ta hanci, yana goge hannu da tsumma. Kombo ya sa wuƙa ya ɓalle marfin wincin, ya leƙa ciki, ya yi tsaki. "Dubi, a bushe yake ƙamas. Dole ya yi ta kuka. Wa ya taɓa ajiye baƙo bai ba shi abin sha ba?"

Ya jawo gwangwanin da aka kusa cinyewa, ya kwaso na ƙasan, mai kauri kamar zumar da ta kwana a sanyi, ya cusa da yatsa ko'ina. Daga inda Tima take tana hango cikin. Akwai wasu 'yan haƙora biyu na ƙarfe, ba su fi farce ba. Kafin man, da yatsan Kombo ya danne su sai su zabura su miƙe. Bayan man, ya danne su, suka tashi a hankali, a kasalance, kamar wanda aka tasa daga barci. Ta so ta tambaya menene aikinsu. Amma ana cikin dariya, ga babanta a wurin, sai ta haɗiye.

Kombo ya mayar da marfi, ya murɗa hannun. Shiru.

"Kun ji? Ya koyi ladabi."

Famau ya ɗora tafinsa a kan gangar, ya yi bisimilla, ya ce, "Yanzu ya zama ɗan gida."

Washegari da hantsi suka ɗaga zuwa Lamu. An loda busasshen kifi da tabarmi da sandunan rufi. Fasinjojin mata ne kusan duka, masu zuwa biki, sai Inna Zuhura mai sayar da kifi, mace mai jiki, wadda da ta sa ƙafa jirgin ya ɗan sunkuya ya gaishe ta. Tima za ta gaida gwaggonta ne. Ita aka ba wutsiyar igiya a cikin tasha, Kombo ya murɗa, itacen tanga ya hau sama ba ko ƙis. Aka naɗe igiyar a turken katako, aka ƙulle.

"Yau Kombo ya yi aiki bai yi nishi ba," in ji Inna Zuhura. "Ko an yi maka allura ne?"

"Zuhura, koma tsakiya. Jirgin ya karkace."

"Da kana da nama ko na gwangwani ɗaya ne, da ka zauna can gefen ka daidaita mu."

Hanyar ciki, ta tsakanin tsibirai, ba ruwa a lokacin, sai Famau ya bi ta waje. Tima ta sha shiga kwalekwale tsakanin tsibirai, inda ruwa kore ne kuma kana ganin ƙasansa. Ba ta taɓa fita bayan duwatsu ba. Suna wuce bakin, launin ruwan ya sake, ya zama shuɗi mai duhu kamar babu ƙasa a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Iskar kudu ta same su. Tangar da ke lilo ta ja numfashi sau ɗaya, ta cika, ta kumbura ta rufe rabin sama. Jirgin ya jingina, duk katakonsa ya yi ƙara lokaci guda, sai ya fara gudu.

Matan biki suka daina hira. Raƙuman ruwa na tahowa daga nesa, manya, ba gaggawa, kowanne ya ɗaga su har su hango farin yashin gaɓa can siriri, ya sauke su cikin kwari inda ba a ganin komai sai bangon ruwa da rana a cikinsa. Wasu 'yan kifaye suka fito suka tashi sama da fiffike, suka yi nisa kafin su koma. Tima ta riƙe bakin jirgin. Ta waiwaya ta dubi babanta. Yana zaune a baya, ƙafa ɗaya a naɗe, hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, kamar mai jiran a kawo masa shayi. Wannan mutumin da ke gyangyaɗi a tabarmar ƙofar gida, wanda jikoki ke hawa wuyansa, nan yake zuwa kullum. Ba ta sani ba.

Rana ta kusa tsakiya sai wani abu ya fara fat-fat a sama. Ɗaya daga cikin ɗaurin da ke riƙe tanga a jikin itacen ya tsinke, can wajen tsini, iska ta samu ƙofa tana ta yagar wurin.

"Idan aka bar shi, zai kece har ƙasa," in ji Famau.

Kafin ya rufe baki Lali ya tuɓe riga, ya ciji guntuwar igiya a baki, ya kama jigo. Ya hau kamar mai hawan kwakwa. Daga kan jigon ya haye itacen tanga, ya rungume shi da hannu da ƙafa, ya yi ta jan ciki yana yin sama. Tima ta bi shi da ido har ya zama ɗan ƙaramin abu baƙi a jikin farin ƙyalle, a saman ruwa, don tsinin itacen ya wuce bakin jirgin nesa. Ba ta son a ga tana kallon sa haka, sai dai kowa ma shi yake kallo.

Nauyinsa ya sa itacen ya ɗan sauko, ya saki jikin jigo, yana bugun sa duk lokacin da jirgin ya gangara.

Famau ya ce, "Kombo, ɗan ƙara masa. Yana girgiza yaron."

Kombo ya sa hannun winci. "Tima, 'yata, zo riƙe min wutsiya."

Ta zauna a kan buhunan kifi, bayan gungumen da ya ratsa jirgin daga gefe zuwa gefe, igiyar ta biyo ta kan gungumen zuwa hannunta. Kombo ya kwance ƙullin turke. Yanzu itacen da tanga da Lali duk suna kan winci. Ya murɗa sau ɗaya, ya murɗa na biyu, ya saki hannun don ya gyara tsayuwa, kamar yadda ya saba.

A daidai nan iska ta ƙaro.

'Yan haƙoran nan biyu, ashe su ne ke hana gangar komawa baya. Kukan da Kombo ya tsana, ƙarar tashinsu ce suna kama ƙarfe. Yanzu suna kwance cikin sifa, ba su tashi ba.

Gangar ta juya baya. Hannun ƙarfen ya zagayo da gudun da ido ba ya gani, ya sami Kombo a wuyan hannu da wata ƙara kamar an karya rake, sannan ƙarfen ya fice ya yi tsalle ya faɗa teku. Igiyar ta zabura a hannun Tima. Ta ji zafi, ba irin na wuta ba, wani fari fat, ta ga igiyar na gudu ta cikin tafinta. A sama itacen ya taho ƙasa da Lali a kai.

Ba ta yi tunani ba. Ta damƙe.

Igiyar ta fizge ta daga kan buhuna kamar tsumma. Ƙirjinta ya daki gungumen, ƙafafunta suka zame, ta faɗa cikin ramin da ke tsakanin kaya da ƙasan gungumen, ta shige ƙarƙashinsa. Faɗuwar nan ce ta lanƙwasa igiyar a jikin katakon. Ta ji ƙaurin itace na ƙonewa. Gudun ya ragu, amma bai tsaya ba, tana jin ana jan ta sama, za a fitar da ita ta inda ta shigo. Sai duniya ta yi duhu, wani nauyi mai warin kifi da turare ya sauko mata a baya. Inna Zuhura ce ta zauna a kanta.

"Kar ki saki, 'yar nan. Ni ma ba inda za ni."

Igiyar ta tsaya.

Famau bai tashi ba, bai yi ihu ba. Ya tura sandar tuƙi har ƙarshe da hannu da ƙafa, jirgin ya juya hancinsa ya fuskanci iska. Tangar ta zubar da abin da ke cikinta, ta fara bugawa kamar tsawa. Ta ƙarƙashin gungumen Tima na hango wani yanki na sama. Itacen ya sauko kusan rabi, ya karkace, tsininsa na lilo a kan ruwa. Lali na nan. Ƙafafunsa sun saki, hannayensa biyu ne kawai a jikin itacen, jikinsa na reto, ƙyallen na dukan sa.

"Ku kama bayanta," in ji Famau. Muryarsa ba ta tashi ba, amma ta ratsa ƙarar. "Duk mai hannu. Ba zan iya tsayar da shi a haka da daɗewa ba. Idan gudunsa ya ƙare zai juya, tanga ta sake cika."

Matan biki suka watsar da jakunkuna. Da lalle da awarwaro suka kama ragowar igiyar da ke bayan Tima, suka jeru, wata ta taka buhu, wata ta tokare da ƙafar 'yar uwarta. Kombo ya rarrafo, hannu ɗaya a manne da ƙirji, fuskarsa ta yi toka, ya kama da ɗayan.

Raƙumin ruwa ya ɗaga su ya saki. Itacen ya fizga, igiyar ta ci tafin Tima, matan suka zame taku guda, wata ta fara salati da kuka.

Sai Famau ya ɗaga murya, irin yadda ake yi da can lokacin da ƙarti ke jeruwa a kan igiyar nan.

"Wa ke riƙe?"

Tsofaffin cikin matan sun san amsar, sun ji ta a bakin iyayensu. "Mu ke riƙe."

"Wa ya fi mu riƙo?"

"Allah."

Yana jefa tambayar ne daidai lokacin da ruwa zai sake su, amsar ta zo tare da fizgar, kowa ya danne a numfashi ɗaya. Tima ba ta da iskar amsawa. Amma tana jin komai ta cikin igiyar. Tana jin nauyin itacen, da kowane bugun ƙyallen, da teku tana ɗaga jirgin tana ajiyewa. Abin yana da rai, yana numfashi, ya fi duk abin da ta taɓa sani girma, kuma bai san da ita ba. A cikin wannan babban nauyin akwai wani ɗan ƙaramin motsi daban, mai tsayawa ya ci gaba. Ta gane shi. Lali ne ya mayar da ƙafarsa kan itacen, yana jan jiki zuwa jigo.

"Wa ke riƙe?"

"Mu ke riƙe."

Jirgin ya rage gudu. Ƙarar ruwan da ke bin jikinsa ta mutu. Suka hau kan wani raƙumi babba, suka tsaya a ƙololuwarsa, tangar ma ta yi laƙwas, na ɗan lokaci ba a jin komai a duniya sai numfashin mata. Tima ta ga mijinta a jikin sama, ya miƙa hannu ɗaya, tsakaninsa da jigo bai fi kamu biyu ba. Sannan hancin jirgin ya fara zamewa gefe.

"Lali," in ji Famau, "yanzu."

Ya saki itacen ya yi tsalle. Ya rungumi jigon, ya zamo ƙasa da gudu har fatar cinyarsa na ƙara, ya dira a kan tabarmi, ya tsallake Kombo, ya fizgi ƙarshen igiyar daga hannun matar da ke can baya, ya naɗa a turke, ya sake naɗawa, ya ƙulle. Iska ta shiga tanga. Ta cika da wata ƙara da ta girgiza haƙoran kowa, jirgin ya jingina, turken ya yi kuka.

Ya riƙe.

Jirgin ya ci gaba da tafiya da tangarsa a rabi, a karkace, kamar tsuntsu mai ciwon fiffike. Matan suka zube inda suke, suna duba tafin hannunsu. Kombo ya jingina da jigo yana kallon gangar ƙarfen, man sifa na tsatsowa ta ƙasan marfinta.

"Ni na rufe masa baki," ya ce a hankali. "Ashe ba surutu yake yi ba."

"Tare muka yi bisimilla a kansa," in ji Famau. "A ɗaure wa Kombo hannun nan da sanda."

Inna Zuhura ta yunƙura, mata biyu suka taimaka mata ta tashi. "Ku duba min yarinyar nan, ko na mayar da ita tabarma."

Lali ya durƙusa ya jawo Tima daga ƙarƙashin gungumen. Mayafinta ya tafi, gashinta duk ƙaiƙayin kifi. Igiyar ta saki yanzu, turke ne ke ɗauke da komai, amma hannayenta na nan a dunƙule a kanta. Ta umarce su su buɗe, suka ƙi.

"Saki, Tima. An ɗaure."

"Na sani. Ba sa ji."

Ya kama hannunta na dama cikin nasa biyun.

"Baba na kallo," ta ce ƙasa-ƙasa.

Lali ya waiwaya. Famau ya juya fuskarsa gaba ɗaya yana duban teku ta wancan gefen, kamar akwai wani abu mai muhimmanci a can.

"Ba ya kallo."

"Mu dai muna kallo," in ji Inna Zuhura. "Ci gaba, ango."

Aka yi 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Ya fara da ƙaramin yatsa, ya ɗaga shi a hankali, ya koma na kusa da shi. Igiyar ta manne da fata, sai da wata ta zuba ruwan sha a kai kafin ta rabu. Tima ta dubi tafinta sau ɗaya, ta kawar da kai. Ba shi ne ke ranta ba.

"Lali."

"Na'am."

"Abin da na ji a igiyar nan. Haka take da nauyi kullum?"

Ya yage gefen zanensa yana naɗe mata hannu. "Kullum. Yau ma ai iskar ba ta yi fushi ba."

Ta ɗaga ido ta bi igiyar daga turke, ta hau jigo, ta kai ga itacen, ga ƙyallen da ke cike da abin da ba a gani yana jan su duka, da kifinsu da tabarminsu, a kan ruwan da ba shi da ƙasa. Lali ya kama hannunta na hagu, ya fara da ƙaramin yatsa.